Albasar da Haruna ya kawo

Rakiya, 'yata ta biyu, tana koyarwa a wata makaranta a Treichville, cikin Abidjan, kusa da tashar jirgin ruwa, inda ake koya wa samari da 'yan mata harkar ɗauko kaya da ajiye su da kai su inda ake bukata. Watan jiya ta ja ni ajinta in yi musu bayanin sana'ata, wai su ji daga bakin wanda ya yi da hannunsa. Na sa babbar riga na je. Ban gama zama ba wani dogo a layin baya ya ɗaga wayarsa ya ce da Faransanci shi bai ga abin wahala a nan ba: ka sayi albasa a Nijar, ka loda a mota, ka bi motar a waya har ta iso kasuwar Adjamé, ka sayar. Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ba su labarin buhu da hanya da 'yan duwan, wato kwastan, kusan awa guda, suka tafa, na fito. Abin da ya kamata in faɗa ban faɗa ba, kunya ta hana ni. Shi ya sa na zauna ina rubuta shi da Hausa, ita ta juya muku shi zuwa Faransanci, tunda yawancinku, har 'ya'yan namu da ke cikinku, Hausar taku iyakarta gaisuwa. Labarin direbana Haruna ne, da yadda na rasa shi a shekarar korona. Amma ba za ku gane shi ba sai kun san albasa tukuna.

Aikin farko da kawuna Alhaji Mamman ya ba ni, ranar da na sauka Adjamé ina da shekara goma sha bakwai, buhu ɗaya ne. Ya miƙo mini basilla a ƙofar mangazarsa, wato ɗakin ajiyar kayansa, ya ce in farke bakin buhun in gaya masa kwana nawa zai yi kafin ya lalace. Na farke, na ga albasar Galmi jawur tana ƙyalli, na ce ai wannan sai ta yi wata biyu. Ya kama hannuna ya cusa shi tsakiyar buhun har gwiwar hannu. Ciki ɗumi kamar an ajiye tuwo. Ya ce, "Kwana huɗu. Jeka kira mata su zo su tsince."

Daga nan na fara sanin cewa albasa tana numfashi, tana gumi, kuma daga tsakiya take fara mutuwa, inda ido ba ya kai. Kayan aikinmu ba su da yawa: basilla da zare, katakon da ake jera buhu a kai don kada ya taɓa siminti, tampol, da hanci. Hancin shi ne babba. Ruɓa idan za ta fara ba wari take yi ba, wani ɗan ƙamshi ne mai zaƙi-zaƙi, wanda bai sani ba sai ya ce kayan sun yi kyau. Sai babban yatsa: ka danna wuyan albasa, in ya lotsa, manomi ya yi gaggawar cirewa, ba ta sha rana ta bushe ba, ba za ta jure hanya ba. Jeri kuma ba ka haɗa shi da bango, kana barin hanyar da mutum zai ratsa da kafaɗa, don iska ta bi. Shekara uku na yi ina ɗinki da jeri da shara kafin kawu ya bar ni in yi ciniki da mutum. Ku kuwa ina jin a wata shida ake ba ku takarda.

Masu saye ma karatu ne. Akwai 'yan uwanmu masu sayar da abincin da ake kira garba, su kullum ƙanana suke so masu yaji, don yanka ta yi auki a kan acake, wato dambun rogo, da kifi. Akwai matan kasuwa masu kasawa. Akwai kuma irin su Tanti Akissi, mai dafa abinci a unguwar Biafra, wadda ta fi shekara ashirin tana tsallako gada ta zo wurina. Ita ba ta taɓa duba buhu, fuskata take dubawa. In na ce, "Tanti, ɗauki wannan," ta ga na kau da ido, sai ta ce, "Alaji, ba ni na bayan ƙofa, wanda ka ɓoye." Kuma kullum akwai na bayan ƙofar.

Yanzu sai hanya. Daga Galmi mota za ta bi Yamai, ta ratsa Burkina, ta shigo ta arewa, Ferké, Bouaké, sannan Abidjan. In Allah ya kiyaye, mako guda. A arewa rana ce, a kudu ruwa ne, direba kuma yana tsakani da tampol a hannu. In ya rufe ya ɗaure tam a cikin rana, albasa ta dahu. In ya bar ta a buɗe hadari ya same shi, ta jiƙe ta tsiro. Saboda haka direban albasa ba tuƙi kaɗai yake yi ba, yini yake yana kallon sama, yana hawa yana sauka, yana kwancewa yana ɗaurewa. Motarka ta fi kowace lafiya, in direbanka malalaci ne, taki zai kawo maka.

Haruna ya girme ni da shekara takwas. Tun yana yi wa kawu tuƙi na san shi, shi ya fara ɗaukata a gaban mota ya nuna mini hanyar nan gari-gari, inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa. Da kawu ya rasu na gaji mangaza, na gaji Haruna. Shi yana ce mini Alhaji don ni ne mai kaya, ni ina ce masa Yaya don shi ne babba. Mutum ne gajere mai kauri, ba ya son surutu, goro ne abincinsa. Shekara talatin da wani abu bai taɓa kawo mini kayan da suka dahu ba.

Akwai wata ƙa'ida da kawu ya koya mini, wadda duk masu albasa na zamaninmu suka sani. Direban da ka ba amana ba ka tambayarsa ina yake. Ka kira shi, ka gaishe shi, ka ce ya hanya, in ya ga dama ya faɗi garin da ya kai. Amma ka ce masa "Kana ina yanzu?" tamkar ka ce kana zargin ya ratse yana sauke buhu a wani wuri ne, ko ya ɗauki kayan wani a kan naka. An sha rabuwa a kan wannan tambaya. Su ma direbobi suna da tasu: ba a gaya wa mai kaya mugun labari a waya. In taya ta fashe, in an tsare ka, ka gyara abinka, in ka iso ka ba da labari ana dariya. Mu a wurinmu wannan shi ne mutunci, kuma da shi muka yi shekaru muna aiki ba takarda ba sa hannu. Ban taɓa zaton akwai ranar da zai cuce mu ba.

Shekarar korona, ciwon ya shigo daidai lokacin da sabuwar albasa take fitowa, azumi kuma ya ƙarato. Aka rufe iyakoki ga mutane, aka bar motocin kaya. Abidjan ma aka killace ta, ba ka fita sai da takarda. A kowane shinge akwai masu ɗora wa mutum abin gwada zafi a goshi, ana ta raɗe-raɗin cewa wanda aka samu da zafi tsare shi ake yi, motar kuma ta zauna inda take. Direbobi da yawa suka ajiye makulli. Albasa ta yi wuya a Adjamé, mangazata ta koma fili, har shara na yi na ga simintin da ban gani ba tun rasuwar kawu. Na kira Haruna yana Galmi na ce, "Yaya, ko za a iya?" Ya ce, "In sha Allahu." Ya loda ya taso. Ƙaninsa da suke karɓa-karɓar tuƙi aka mayar da shi daga iyaka, don haka ya shigo ƙasar nan shi kaɗai.

Kullum da hantsi nake kiransa, haka muka saba. Ranar da ya tsallako ya faɗa mini da kansa cewa ya wuce Ferké. Na yi murna, na aika wa Tanti Akissi cewa jibi ta zo da sassafe. Washegari na kira.

"Yaya, ya hanya?"

"Lahiya lau, Alhaji. Muna bisa hanya."

Muryar ta yi ƙasa, kuma bayan ya gama magana na ji yana jan numfashi ta baki. Ban ji ƙarar inji ba. Abin da na ji zakara ne, da wata mata tana daka. Na ce a raina ya tsaya karyawa ne. Kashegari na sake kira, amsa ɗaya, zakaran nan dai, turmin nan dai. Ni da na yi shekara arba'in ina sauraren direbobi a waya, na san motar da ke tafiya, na san wadda ke tsaye. Motar Haruna a tsaye take, a wuri ɗaya, kuma mai ita ba shi da lafiya. Wannan na san shi tun kira na biyu.

Rakiya tana gida lokacin, an rufe makarantu. Rana ta uku tana kusa da ni ina waya, ta ji komai. Da na kashe ta ce, "Baba, Baba Haruna ba shi da lafiya fa. Ka tambaye shi inda yake. Ko ka ce ya turo wurin ta waya, sai a kira Malam Isa ya je ya duba shi."

Malam Isa mutuminmu ne a Ferké, mai shagon taya, yana da babur. Kira ɗaya ne.

Na ce, "Ke, mutumin da ya goya ki a gaban mota zan tambaya ina yake? Wannan a lakwal ɗinku na boko ake yi."

"Ba zargi ba ne, Baba. Ba ka ji numfashinsa ba?"

"In akwai abu zai faɗa."

"Ba zai faɗa ba. Kai ma ka san ba zai faɗa ba."

Na daka mata tsawa na ce ta tashi ta ba ni wuri. Ta tashi.

Ga abin da ban faɗa muku a aji ba. Ba ladabi kaɗai ya rufe mini baki ba. Na lissafa a raina cewa in na tambaya ya ce ba shi da lafiya, dole in ce ya je asibiti, in ya je za a tsare shi, in an tsare shi motar za ta kwana goma a rana da tampol a ɗaure. Ban so in ji ba. Sai na shige bayan ƙa'idar kawu na zauna, ina ce wa kaina girmama shi nake yi. Tambaya ɗaya ce al'ada ta yarda in yi, ita kuwa na yi ta a rana ta huɗu. Na ce, "Yaya, ana dai ba kaya iska?" Ya ce, "Kayanka lahiya lau, Alhaji. Kada ka damu." Na ji sanyi a raina, Allah ya gani, na ji sanyi.

Rana ta shida da hantsi motar ta shigo Adjamé. Kafin ta gama tsayawa mutane sun kewaye ta, kowa da takunkumi a fuska, masu garba, matan kasuwa, Tanti Akissi a gaba da ɗankwalinta a ɗaure a ƙugu. Ni da tsufana na kama igiya na haye sama. Na farke buhu na cusa hannu har gwiwa. Sanyi ƙalau. Na farke na tsakiya, na farke na can ƙasa ta baya inda ruɓa ke farawa. Ko ɗaya. Na ɗaga murya na ce alhamdu lillahi, aka ɗauki sauke kaya, ina tsaye a sama ina nuna wa kowa nasa. Na fi rabin awa a can.

Tanti Akissi ce ta kira ni daga ƙasa. Ta ce, "Alaji, sauko ka ga shofer ɗinka."

Haruna yana zaune a kan matakin mota, ya jingina kai da ƙofa. Ya rame har hular ta yi masa yawa, idanunsa sun yi rawaya, leɓɓansa sun tsattsage. Tafin hannunsa duka biyu a sale, jini ya bushe a kai. Na tsuguna na ce, "Yaya, me ya faru?"

A hankali ya ba ni labari, kamar yadda ake bayarwa in an iso, sai dai ba dariya. Zazzaɓi ne ya kada shi bayan Ferké. Ya ji tsoron shingen gaba, kada a gwada goshinsa a tsare shi kaya su lalace. Sai ya ratse wani ƙauye ya faka a gindin mangwaro, yana jiran zafin ya sauka ya wuce. Kwana huɗu. Kowace safiya ya rarrafa ya hau ya kwance tampol, in hadari ya haɗu ya hau ya ja ya ɗaure, shi kaɗai, wani lokaci sau uku a yini. Ran da ya ji jikin ya ɗan yi sanyi ya jiƙa rawani ya naɗa a kai, ya tuƙo.

Ya ce, "Ka duba na ƙasa? Ina jin ruwa ya taɓa guda biyu ta baya."

Na ce na duba, lafiya lau suke.

Rakiya ce ta tsayar da tasi, ni da ita muka kai shi asibiti. Aka gwada, ba korona ba ce. Zazzaɓin sauro ne, irin wanda kowannenmu ya sha yi, amma an bar shi ya yi nisa har ya taɓa ƙoda. Likitan ya tambaye ni kwana nawa yana haka, na ce ban sani ba. Ya ce da an kawo shi da wuri, magani ne na 'yan kwanaki. Rakiya tana tsaye a gefena, ba ta dube ni ba. Kwana biyu ya yi a can, ranar ta uku da azahar Allah ya karɓi abinsa. Saboda dokar lokacin, mu kaɗan ne muka raka shi.

Albasar kuwa ta ƙare a kwana biyu. Tun da nake sana'a ban taɓa sayar da kaya da daraja irin wannan ba. In 'yan kasuwa suna hira suna cewa shekarar korona ta karya su, ni shiru nake yi, don ni ba ta karya ni ba, kuma na san dalili.

To kai dogon layin baya, wayarka da ke nuna mota a taswira abu ne mai kyau, yanzu duk motocin da ke ɗauko mini kaya suna da ita, Rakiya ta sa. Amma da tana nan a lokacin, abin da za ta nuna mini shi ne mota tana tsaye, wanda na riga na sani. Sanin ba shi ne ya gagare ni ba. Ku koyi sanin mutum a kowane zango, wanda zai hau babur in kun kira. Kada ku saki direba shi kaɗai a doguwar hanya, komai tsadar kaya. Ku gaya masa tun kafin ya tashi, a gaban mutane, cewa in ya kwanta ciwo ya bar kayan su ruɓe, ba mai ganin laifinsa, don in ba ku faɗa ba shi ba zai ba kansa wannan izini ba. Ni yanzu kowane direba in na kira sai na ce, kana ina, me ka ci, yaya jikinka, kuma in na ji muryar ba ta yi mini ba sai na sake tambaya. Tsofaffin suna jin haushi. Ɗaya ya ajiye mini aiki a kan haka, ya ce Alhaji Sani ya lalace, ya zama Bature. Na bar shi ya tafi.

Saura abu ɗaya. Ranar sadakar uku na je gidan Haruna a Bromakoté. Na riga na aika da buhu guda don girkin sadaka, wanda na ɓoye a bayan ƙofa daga cikin kayan nan, don babu wata albasa a mangaza sai ita. Tun daga bakin lungu nake jin ƙamshinta a cikin mai. Matarsa, Inna Zali, tana zaune a tabarma a tsakar gida cikin mata, Rakiya na kusa da ita. Na tsuguna daga nesa na yi mata gaisuwa. Ta amsa, sannan ta ce, "Alhaji, in tambaye ka."

Na ce, "Allah ya sa na sani."

"Kwanakin nan da ya yi bisa hanya, ni duk sa'adda na kira, wayar a kashe take. A asibiti ya ce mini caji yake tattali, sai lokacin kiranka yake buɗe ta. Kai kaɗai ka ji shi." Ta gyara lulluɓinta. "Yaya ka ji muryarshi?"

Rakiya ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Lafiya lau na ji ta, Inna. Bai nuna komai ba."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Haka yake. Ba ya nunawa." Har ta yi mini godiya, ta ce Haruna kullum yana faɗin alherina. Aka kawo mini abinci a kwano, shinkafa da miya, albasar a sama. Na ci, don ba a ƙin abincin sadaka a gidan mamaci.

Shekaru ke nan, duk sallah ina zuwa gaishe ta, kuma har yau abin da ta sani ke nan. Rakiya ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Inna Zali ba ta karatu, ba za ta ga wannan takarda ba, saboda haka ba zan bari ɗalibai su riga ta ji ba. Rakiya, kada ki kai wannan aji sai bayan Juma'a. In an sauko daga masallaci ki zo ki raka ni Bromakoté, ki zauna inda kika zauna ran nan. Tambayar da ta yi mini zan amsa: muryarsa ta marar lafiya ce, na ji tun kira na biyu, kuma albasa na tambaya.